Takalmi a Kan Waya

A ƙarƙashin gadon wani dattijo a Tudun Wadan Zariya akwai adakar ƙarfe wadda fentinta ya daɗe da kaɗewa. Babu kuɗi a cikinta, babu takardar gida. Guntayen jaridu ne da shafukan mujallu, an ɗaure su dami-dami da zaren buhu, sun koma ruwan ƙasa saboda daɗewa, wasu ma gara ta ɗanɗana gefensu. Mai adakar ya haura shekara tamanin. Aikin da ya ci ƙuruciyarsa shi ne jera baƙaƙe a maɗaba'a, tun zamanin da ake tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya a jera su a juye, sai an danna su a takarda sannan su miƙe. Wanda ya yi wannan aiki ba ya kallon shafi yadda sauran mutane ke kallonsa. Kafin ya karanta abin da aka rubuta, ya riga ya auna girman harafi da faɗin fili da inda aka ajiye hoto. Shi ya sa duk shafin da ya burge shi sai ya yanke ya adana, ko da a hannun mai ƙosai ya tsince shi.

Ranar da jikarsa ta jawo adakar, tsohon katinsa na asibiti take nema. Ba ta same shi ba. Abin da ya faɗo hannunta shafi ne na wata mujallar Amurka, irin waɗanda Turawan da ke koyarwa a jami'a a Samaru kan bari in za su koma gida, su bi hannun kuku da boyi har su ƙare a kasuwa ana naɗe tsire da su. A shafin akwai hoton wata tsohuwar Baturiya zaune a kujera, ta kara kan tarho a kunne, bakinta har kunne don murna. A ƙasa kuma kamfanin waya yana kwaɗaita wa mai karatu ya kira danginsa na nesa. Da aka juya bayan shafin sai ga zanen barkwanci da 'yan gajerun labaran ban dariya.

"Angona," in ji ta, "ashe kana da wata budurwar Baturiya ka ɓoye mini?"

"Ke amarya, ajiye mini kayana," ya ce. "Wannan matar ta girmi uwarki a gidan nan."

Gaskiya ya faɗa. Shafin ya shigo gidan shekaru da dama kafin a haifi mahaifiyar yarinyar, kuma ya shigo gidan da babu waya, a layin da babu waya.

Hoton tsohuwar nan yana da tarihi, domin kamfanonin waya na Amurka ba da irinsa suka fara ba. A 1908 shugaban kamfanin AT&T, Theodore Vail, ya ɗauki kamfanin talla na N. W. Ayer ya shiga cika mujallu da tallace-tallace. Abin da yake sayarwa a lokacin ba wayar ba ce kawai, hujja ce: yana so jama'a su yarda cewa ya fi alheri kamfani guda ya riƙe wayar ƙasa baki ɗaya, maimakon ƙananan kamfanoni barkatai waɗanda layukansu ba sa haɗuwa da juna. Kuma an daɗe ana tallata tarho a matsayin kayan aikin ɗan kasuwa da likita, da na uwargida mai odar cefane. Masanin zamantakewa Claude Fischer ya nuna a littafinsa America Calling na 1992 cewa manyan harkar, waɗanda akasarinsu daga aikin tangaraho suka fito, suna ganin hira a waya ɓata layi ne. Sai wajen ƙarshen shekarun 1920 suka gane cewa hirar da suke ƙyama ita ce kasuwar. Daga nan kakanni da jikoki suka fara bayyana a talla.

Masu barkwanci sun riga 'yan talla ganewa. Tun a 1880 Mark Twain ya rubuta wani ɗan guntun raha a kan yadda mutum ke zaune yana jin gefe guda na hirar mace a waya, tambaya babu amsa, amsa babu tambaya. A 1913 kuma aka naɗi wani faifan garmaho mai suna Cohen on the Telephone, inda baƙo ɗan ci-rani yake fama da mai gidan haya a waya, harshensa ya hana a fahimce shi. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai. Talla tana nuna wayar da kamfani yake so a gani, barkwanci kuma yana nuna wadda ke hannun mutane, da wanda aka mai da abin dariya a kanta. A can baƙo ne mai gurɓatacciyar Turanci. A ƙasar Hausa kuwa ba sai an faɗa ba, baƙauye ne.

Dattijon bai san sunan Vail ba, ba kuma ruwansa da shi. Abin da ya sani shi ne ya tashi a garin da ya fi kowane gari a Arewa sanin darajar bugaggen shafi. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, Dokta R. M. East yana kula da hukumar. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, daf da Tudun Wada, daga baya Nigerian Citizen ta biyo a 1948. Ita kanta Tudun Wada unguwa ce da aka yanka a zamanin Turawa tsakanin birni da Sabon Gari, inda 'yan Arewa baƙi suka sauka: akawuna, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu aikin ɗab'i. Mutane ne masu karatun boko da ɗan albashi, wato ainihin waɗanda mai talla yake nema. An kuwa neme su. A adakar akwai tallar keken Raleigh, da ta sabulu, da ta maganin ciwon kai, da ta fitilar kwai, da ta taba. Amma a duk shekarun da ya yi yana jera baƙaƙe, ya ce bai taɓa jera layi guda na tallar tarho ba. In hukumar waya ta yi magana da jama'a, sanarwa take yi: a biya kuɗi, ko a yanke.

Dalilin a fili yake. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho 18,724 ne a ƙasar gaba ɗaya, kuma mafi yawansu suna ofisoshin gwamnati da kamfanonin Turawa da gidajen manyan ma'aikata. Sashen gwamnati guda, wanda ake kira P&T, shi ke riƙe da wasiƙa da tangaraho da tarho. Wanda ba shi da abokin gasa, kuma abin da ke hannunsa bai isa masu layi a ƙofarsa ba, me zai kai shi talla? Mai ruwa a tsakiyar bazara ba ya kiran ciniki.

Kalmar ma ta riga abin isowa. Turawan mulki sun ja wayar tangaraho zuwa manyan garuruwan Arewa a farkon shekarun 1900, tun kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Abin da talaka ya gani da idonsa shi ne zaren ƙarfe a kan turaku yana bin gefen hanya har ya ɓace a daji, sai ya kira shi da sunan da ya ji, waya. Ofishin da zaren ya shiga ya zama gidan waya, ko da yake yawancin masu zuwa can kan sarki suke saye su manna wa wasiƙa. Har yau ana cewa "buga waya", alhali babu abin da ake bugawa. Bugun na ma'aikacin tangaraho ne da ke ƙwanƙwasa saƙo da yatsa. Harshe ya riƙe motsin hannun mutumin da ya daɗe a kabari.

To, da yake ba a tallata waya a Zariya ba, sai waya ta koma tana tallata mutane. Wannan dattijon ya san shi ciki da bai, domin da hannunsa aka yi. Ɗan kwangila zai zo a buga masa takardar kamfani, abin da zai fi tsayawa a kai ba sunansa ba ne, lambar tarho ce: a ƙara mata girma, a sa ta a sama, a yi mata ɗan hoton kan waya a gefe. Daga baya da aka raba wa garuruwa lambobi, 069 ta Zariya ta zama kamar lambar girma a kati, kamar yadda 062 take a Kaduna, 064 a Kano. Ya sha buga katin mutane uku ko huɗu da lamba ɗaya, ta wani attajiri da suke zaman ƙofar gidansa. In an kira sai a tura yaro da gudu. A gidajen da ke da ita kuwa, wayar tana falo a kan ɗan tebur nata na kanta, an shimfiɗa mata kyalle mai ado, an kuma datse abin juya lambar da ƙaramin kwado don kada yara da baƙi su ja wa mai gida bashi. Yaran gidan su ma ba su zauna ba, sun gano cewa in an ƙwanƙwasa mazaunin kan wayar da sauri, sau adadin kowace lamba, kira yana tafiya ko da kwadon.

Labaran dariyar zamanin a wannan ƙasa suka tsiro, kuma dattijon gwani ne wajen ba da su. A maɗaba'a shi ne mai sa abokan aiki su ajiye haruffa su riƙe ciki. Akwai na mutumin da aka ce masa ga hakimi a waya, sai ya tuɓe takalmi ya zube ƙasa, yana ta jinjina wa tebur yana "ranka ya daɗe". Akwai na wanda ake yi wa tambaya a waya yana ta gyaɗa kai, na can yana ta "kana ji na?", shi kuma yana ƙara gyaɗawa da ƙarfi. Akwai masinjan da ya ɗauka ya ce, "Maigida ya ce a ce ba ya nan." A bakin Zagezagi gwarzon labarin kullum Bakano ne. In ka je Kano ka ji labarin nan dai, ba abin da ya canja sai gwarzon, ya zama Bazazzagi. Wasan da ke tsakanin garuruwan biyu ya girmi tangaraho, wayar dai ta samar masa sabon fage ne.

Amma wanda ya fi so, wanda ake roƙonsa ya maimaita, shi ne na takalmi. Wai wani tsoho a ƙauye ya ji ana cewa waya tana kai saƙo birni kafin ƙiftawar ido. Ɗansa yana aiki a birni, sai ya sayi sabon takalmi ya je ya rataye a kan wayar, ya koma gindin bishiya yana jira har barci ya kwashe shi. Wani matafiyi ya zo wucewa, ya sauke sabon ya saka, ya rataye tsohon nasa duk ya tsinke. Da tsohon ya farka ya ɗaga kai sai ya ce, "Allahu Akbar! Yaron kirki, har ya karɓa ya aiko mini da tsohon."

Labarin ba na Hausawa kaɗai ba ne, ana ba da irinsa a ƙasashe da yawa da aka ja wa tangaraho. Abin lura shi ne su wa ke dariyar. Ma'aikatan maɗaba'ar nan da ke ƙyaƙyatawa, babu ko ɗaya a cikinsu da ke da waya a gida. Wasunsu ba su taɓa kara ta a kunne ba sai in manaja ya fita sun saci ɗauka. Kusan dukkansu kuma 'ya'yan ƙauye ne, iyayensu suna can. Dariyar wata 'yar katanga ce da suke ginawa tsakaninsu da inda suka fito: mu dai mun san yadda abin yake aiki, ko da ba mu da shi. Kuma in an duba da kyau, tsohon labarin bai yi wauta a lissafinsa ba. An ce masa abin nan yana sada mutum da ɗansa, ya ga ya ratsa ta gonarsa, sai ya ɗauka har da shi aka yi domin. Kuskurensa ke nan. Wayar ta wuce ta kansa ne kawai, tana ɗauke da maganar Razdan zuwa ga Gwamna.

Wata damina a ƙarshen shekarun 1970 mahaifiyar dattijon ta kwanta ciwo a ƙauyensu, can ƙasar Katsina. Ba nisa ne na a zo a gani ba, mota tana zuwa a yini guda in hanya ta yi kyau. Talaka a lokacin yana da hanyoyinsa na aika saƙo. Akwai wasiƙa ta hannun direba a tasha. Akwai Rediyon Kaduna, wanda tun 1962 ya zama wayar marasa waya, inda ake aika gaisuwa a Zaɓi Sonka, ake kuma jin sanarwar rasuwa. Akwai tangaraho, wanda ake biya kalma-kalma, shi ya sa saƙonsa ba ya ɗaukar sallama balle gaisuwa. Ƙanensa ya zaɓi na ƙarshen, don shi ne ake ganin ya fi sauri. Ya hau keke cikin taɓo ya tafi garin da ke da gidan waya, ya biya kuɗin kalmomi kaɗan: Inna ba lafiya, ka zo.

Takardar ta iso Tudun Wada bayan kwana uku. Ya bar aiki a kan tebur, ya nufi tasha, ya kwana a hanya saboda wata gada da ruwa ya ci. Da ya isa, tabarmin zaman makoki ya fara gani a ƙofar gida. An binne ta tun ranar da aka buga wayar, da la'asar. Matan gidan suka ce ta yi ta tambaya ko ya iso.

Ba ya ba da wannan labari yadda yake ba da sauran. Jikar tasa ma a bakin kakarta ta fara jin sa. Abin da ya faɗa mata da kansa, ranar adakar, guntu ne: aikin da ya bari a kan tebur ran nan katin wani ɗan kasuwa ne, ya gama jera lambar tarhon ke nan aka miƙo masa takardar. Da ya dawo bayan sadakar bakwai ya tarar da lambar tana nan a juye yadda ya bar ta. Abokan aikinsa sun lura cewa daga lokacin ya daina ba da labarin takalmi. Sauran yana ba da su, har da ƙari, amma in an roƙe shi wannan sai ya ce ya manta yadda yake ƙarewa.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma karin maganar ya yi wa mutane da yawa amfani a matsayin haƙuri. Shi dai bai haƙura ba. Ya je ya cika takardar neman layi, ya biya abin da aka ce, aka ba shi rasit. Ba don wayar za ta kai ƙauyensu ba, domin babu turken da ya nufi can. Ya dai ƙudura cewa nasa 'ya'yan ba za su neme shi su rasa ba. Rasit ɗin yana cikin adakar. Layin bai zo ba. Duk wanda ya rayu a lokacin ya san ba shi kaɗai ba ne. A 1985 gwamnati ta haɗa ɓangaren waya na P&T da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje aka sami NITEL, wasiƙa kuma ta koma hannun NIPOST, amma ƙarancin layi bai gushe ba. A zamanin Janar Babangida ne aka jingina wa ministan sadarwa, David Mark, maganar nan cewa waya ba ta talaka ba ce. Ya musanta cewa haka ya faɗa, sai dai maganar ta zauna daram a bakin jama'a, saboda ko ba a faɗa ba haka abin yake. Har zuwa 2001, ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100 tana da layukan da ba su wuce kimanin 400,000 ba.

Sai abin ya juye cikin ɗan lokaci. A watan Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Farkon abin shi ma na masu hali ne: layi kaɗai yana kai naira dubu ashirin ko fiye, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a jihohi yake naira 5,500, kira kuma naira 50 ne minti guda, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Mutane suka fusata har suka kashe wayoyinsu na yini guda a ranar 19 ga Satumba 2003. Glo, wanda ya shigo a watan Agustan wannan shekara, ya zo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi dole. Farashin layi ya yi ta faɗuwa har ya koma ana rabawa kamar kyauta.

A nan ne dattijon ya ga abin da bai taɓa gani ba: ana roƙon talaka ya sayi waya. Bangayen shaguna daga Agoro har Ƙofar Doka suka sha fenti, wannan rawaya, wancan kore, wancan ja. Lema ta tsaya a kowace kusurwa, da yarinya ko saurayi a ƙarƙashinta da waya a kan tebur, ka biya ka kira. Rediyo ya cika da talla da Hausa, aka ɗauko 'yan fim irin su Ali Nuhu da Sani Danja suka zama fuskar kamfani. Kuma ga tsohuwar nan ta dawo, wannan karon da ɗankwali da zane, tana dariya a allon talla tana magana da ɗanta na birni. Hoton da ya ajiye a adaka shekara da shekaru ya iso Zariya, sai dai ya iso a lokacin da aikin jera dalma ya riga ya mutu. Kwamfuta ta karɓe shi, manyan allunan kuma a Legas ake tsara su. Tallar waya ta zo, babu ko harafi ɗaya nasa a ciki.

Barkwancin ma ya sauya gwarzo. Da wayar ta shiga kowane hannu, rashin sani ya daina ba da dariya sosai, sai ƙarya da rowa suka karɓi fagen. Mutum yana tsaye a kasuwar Tudun Wada yana rantsuwa cewa yana Kaduna, mai binsa bashi kuwa yana bayansa yana kallon ƙeyarsa. Wani ya ƙware a filashin, ya kira ya katse kafin a ɗauka, har ana cewa yatsansa ya fi na maɓarnaci sauri. Wani in an zo maganar kuɗi sai ya shiga "hello, hello, ba sabis", alhali yana ji sarai. Samari suka koma jemagu saboda kiran dare na kyauta, su kwana suna hira su wuni suna gyangyaɗi. Masinjan da ya ce "maigida ya ce ba ya nan" ya rasa aikinsa, yanzu kowa da bakinsa yake cewa ba ya nan. Wannan dariya ta fi ta da adalci ta wani gefen, domin wanda ake yi wa ita da mai yin ta duk abu ɗaya ke aljihunsu. A yau layukan da ke aiki a ƙasar sun haura miliyan 150, kuma ƙauyen su dattijon yana da sabis, in an hau ɗan tudun da ke bayan masallaci.

Baƙauyen labari bai mutu ba duk da haka, ya dai tsufa ne ya dawo cikin gida. 'Ya'yan dattijon sun saya masa babbar waya mai shafawa. Yatsun da suka yi shekara arba'in suna tsintar harafin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, yanzu sun kasa daidaita da gilashi: ya taɓa nan, can ya buɗe. In an kira shi ta bidiyo sai ya kara a kunne, na can su yi ta kallon duhun kunnensa suna kiran "Baba, ɗago ta!" In ya gama magana ba ya kashewa, sai ya ajiye ya ci gaba da faɗin ra'ayinsa a kan wanda ya kira. In surukinsa ne a layi, ko wani malami da yake girmamawa, har yau yakan gyara zama ya ɗan russuna. Jikokin suna da kundin labaransa, suna ba wa juna a zaure suna kwaikwayon muryarsa, wani lokaci ma a gabansa, tun da wasan jika da kaka ya ba su dama. Yana jin su. Ya san ginin kowane labari, ya san inda za a dakata kafin a saki ƙarshen, wani lokaci har yakan gyara musu: ba nan ake tsayawa ba, ku bari sai ya ɗaga kai tukuna.

Ran nan, bayan ta mayar da damman cikin adaka, jikar ta riƙe shafin Baturiyar ta ce zai ba ta. Ya ce a'a. Ta ce to bari ta ɗauki hotonsa, ta aika wa yayanta da ke karatu a Malesiya, don ya ga budurwar kakansu. Ta ɗauka, ta ɗan taɓa gilashin, ta ce ya tafi.

"Har ya isa?"

"Har ya gani. Ga shi yana dariya."

Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya dubi ɗan hoton fuskar mai hawayen dariya da yaron ya aiko. Sannan ya dubi shafin da ke kan cinyarsa, yana nan inda yake.

"To," ya ce, "ki ce masa ya aiko da tsohon."

Ba ta gane ba. Ta tambaye shi tsohon me. Ya ce ta zauna, ta ajiye wayar, akwai wani mutum a ƙauye da ɗansa ke aiki a birni.